ABINCIN UWA DA NA YARO: JAWABI GA JAMA'AR GIDAN WAYA DA KEWAYE

Mai girma shugaban wannan taro, masu martaba sarakunanmu, hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamai da fastoci, shugabannin ƙungiyoyin mata, ma'aikatan lafiya, malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, iyayenmu mata da maza, jama'a baki ɗaya, ina gode muku da kuka bar gonakinku da kasuwanninku kuka zo domin mu tattauna a kan abin da ya shafi kowane gida a ƙasar nan, watau abincin mace mai ciki, da na mai shayarwa, da na yaro tun daga haihuwarsa har ya cika shekara biyu.

Sunan garin nan kansa ya isa ya buɗe mana magana. Kowa ya san gidan waya shi ne inda akan kai wasiƙa domin ta isa hannun mai ita, kuma wasiƙar da ta kwana cikin akwati ba ta amfani wanda ya rubuta ta ba, balle wanda aka rubuta wa. To, shekara da shekaru Gwamnati tana aika wa iyaye saƙo a kan ciyar da yara, ta rediyo, ta takardun mannawa a bango, ta bakin ma'aikatan asibiti. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu yau ita ce: hannun wa saƙon yake faɗawa, kuma don me bai kai ga tukunya ba a gidaje da yawa?

HALIN DA AKE CIKI

Bari mu fara da ƙididdiga, domin a san girman aikin. A binciken lafiyar jama'a da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 2018, an sami yara 37 cikin kowane 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kaduna kuwa abin ya kusa kai rabin yaran. Binciken ya kuma nuna cewa mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini, haka nan yara 68 cikin 100. Da aka sake irin wannan bincike a 2023 zuwa 2024, sai aka tarar tsumburarrun yara sun ƙaru zuwa 40 cikin 100.

Wani zai ce wannan magana ta mutanen can arewa ce, inda damina gajera ce, ƙasa kuma ta gaji. Gaskiya ne abin ya fi tsanani a can. Amma ku dubi ƙasarku. Daga Kafanchan zuwa Godogodo, daga Kagoro zuwa Kwoi da Zonkwa, Allah Ya hore muku ruwan sama da ƙasa mai albarka. Kuna noma masara da dawa da acca, da doya da gwaza da dankali, da gyaɗa da wake da waken suya da riɗi. Ga mangwaro da gwanda da lemo, ga manja, ga nonon Fulani. Motoci suna ɗibar abincinku zuwa Kaduna da Jos da Abuja. Duk da haka, babu ma'aikaciyar asibiti a wannan yanki da ba ta taɓa ɗora yaro a sikeli ta ga nauyinsa ya gaza ba. Ashe ke nan rumbu yana iya cika yaro kuma ya rame a gindinsa.

MECE CE TAMOWA?

Tamowa cuta ce da ke kama yaro idan jikinsa bai sami irin abincin da yake bukata ba, ko kuma yana samu amma zawo da zazzaɓi suna kwashewa. Tana zuwa ta fuska uku. Akwai wadda yaro zai rame ƙwarai, fata ta manne da ƙashi, fuskarsa ta koma kamar ta tsoho. Akwai wadda zai kumbura, ƙafafu da fuska su cika, gashi ya yi ja ya yi laushi, har wanda bai sani ba ya ɗauka ƙiba ce. Wannan ta biyu ita ce wata likitar yara, Dokta Cicely Williams, ta bayyana a shekarar 1933 lokacin da take aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Sunan da likitocin duniya suke kiranta da shi, kwashiyoko, daga bakin mutanen Ga na birnin Akara aka samo shi, kuma abin da suke nufi shi ne ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane aka ture shi daga nono. Mu ma a nan mun san abin da kwanika take jawo wa yaro.

Fuska ta uku ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ba a gani: tsumburewa. Yaro yana wasa, yana dariya, ba wanda zai ce ba shi da lafiya, sai dai a ce ai gajarta gado ce. Alhali kuwa ba tsawo kaɗai ya tauye ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana yin mafi yawan girmanta ne a cikin kwana 1,000 na farko, daga ranar da aka ɗauki cikinsa zuwa ranar da ya cika shekara biyu. Abin da ya rasa a wannan lokaci da wuya a mayar masa daga baya. Malamai da ke zaune a nan, ku ne za ku karɓe shi a aji ɗaya bayan shekara huɗu, ku yi ta faman koya masa baƙi yana mantawa, a ce masa daƙiƙi, ba a san tun yana goye aka yi masa asarar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA AKA RIGA AKA YI

Yaƙi da tamowa ba yau aka fara shi ba. Katin awon nan da ake bai wa uwa a asibiti, mai layi yana hawa sama kamar hanya, asalinsa a ƙasar nan ne. Dokta David Morley ne ya tsara shi a garin Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu, inda ya yi aikin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, daga nan ya bazu duniya. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallar madarar gwangwani ta jarirai, Nijeriya kuma ta mayar da ita doka a 1990. Dattawan cikinmu ba su manta da zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ba, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, lokacin da ruwan gishiri da sukari ya shiga bakin kowace uwa. A 1993 aka wajabta sa sinadarin ayodin cikin gishiri domin maganin maƙoƙo, a 2002 kuma aka wajabta sa bitamin A cikin man girki da sukari da fulawa.

A Jihar Kaduna ma ba a zauna ba. A 2017 Gwamnatin Jiha ta ƙaddamar da shirin gaggawa na yaƙi da tamowa, wanda aka sani da KADENAP. Jihar tana cikin jihohi 12 da suka shiga shirin ANRiN, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2018. A 2019 Gwamnatin Jiha ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida domin su sami shayarwa, kuma a watan Agusta na wannan shekara Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin nono zalla ban da ruwa a duk ƙasa.

Me wannan ɗawainiya ta haifar? A 2008 jarirai 13 cikin 100 ne kaɗai ake ba nono zalla. A 2013 suka zama 17, a 2018 suka kai 29. Wannan ci gaba ne, kuma shaida ce cewa al'ada tana sauyawa idan aka bi ta da magana. Amma a binciken 2023 zuwa 2024 adadin yana nan a 29, bai motsa ba. Har yanzu ke nan jarirai bakwai cikin goma ana ɗura musu ruwa ko jiƙo ko kunu kafin lokaci.

INDA SAƘON YAKE MAƘALEWA

Ku tambayi kowace yarinya da ta je awo a Kafanchan ko Gidan Waya, wata nawa ake ba jariri nono zalla? Za ta ce muku shida, ba tare da inda-inda ba. Ta ji, ta kuma haddace. To, amma ta koma gida ta haihu, sai ta tarar ba ita ke da ikon ɗanta ba. Uwar miji ce za ta karɓi jaririn, ta yi masa wanka, ta ce a matse nonon farko a zubar domin ba shi da kyau, ta ce yaro na jin ƙishirwa a wannan zafi. Wace amarya ce za ta ɗaga ido ta yi musu da surukarta? Idan kuma yaro ya isa cin abinci, maigida ne ke riƙe da mabuɗin rumbu da kuɗin cefane. Shi ke cewa a sayar da waken suya duka, shi ake zuba wa tsokar nama, shi ne kuma bai taɓa taka ƙafarsa asibitin awo ba.

Wannan shi ne kuskuren da yaƙin wayar da kai ya daɗe yana yi a ko'ina: ana kai wasiƙar ga wadda ta fi kowa ƙarancin iko a gidan. An gwada gyara haka a jihar nan, kuma yana da kyau ku sani. A Ƙaramar Hukumar Kajuru, tsakanin 2014 da 2017, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Asusun UNICEF da abokan aikinsu sun horar da ma'aikatan lafiya da 'yan sa-kai na ƙauyuka, aka ba su katuna masu hotuna, suka riƙa tara iyaye ƙungiya-ƙungiya suna kuma bi gida-gida, domin maganar ta fito daga bakin maƙwabci. A Ƙaramar Hukumar Igabi kuwa, a 2019 zuwa 2020, shirin Alive & Thrive ya juya ga maza. Aka riƙa zama da su, ana aika musu saƙo ta wayar hannu, malaman addini da shugabannin gari suna yi musu nasiha. Da aka auna bayan shekara guda, sai aka ga yaran da ake ba ƙwai da kifi sun ƙaru, haka ma waɗanda ake ciyarwa sau adadin da ya kamata a yini. Ba a raba wa kowa ko da ƙwai ɗaya ba. Wanda ke da kuɗin sayen ƙwan ne aka yi wa magana.

Saboda haka abin da zan faɗa yanzu ba iyaye mata kaɗai nake faɗa wa ba. Kaka ta saurara, maigida ya saurara.

NA FARKO: MACE MAI CIKI

Da zarar mace ta gane ta sami ciki, ta fara zuwa awo, kada ta jira sai ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. A can za a ba ta ƙwayar ƙarin jini, wadda za ta riƙa sha kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta kuma riƙa kwana cikin gidan sauro. Idan ƙwayar ta sa bayan gida ya yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. Kada ta haɗa ta da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, lemo da gwaiba kuwa suna taimaka masa.

Mai ciki tana bukatar ƙarin ci sau ɗaya a yini bisa abin da ta saba, mai shayarwa kuwa sau biyu. Maganar da akan yi cewa idan ta ci ƙwai ko nama ɗan zai yi girma ya ba ta wuya wurin haihuwa, ba ta da tushe. Jaririn da aka haifa ƙanƙane shi ne ke cikin hatsari. A rage mata aikin gona da ɗaukar itace da ruwa a watannin ƙarshe. Kada kuma a aurar da yarinya ta ɗauki ciki alhali ita kanta ba ta gama girma ba, domin ita da abin da ke cikinta za su yi ta rige-rigen abinci ɗaya.

Game da jego kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi bincike tun shekarun 1970 a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da tsananin gashin jiki. A ba mai jego kunun gyaɗa da farfesu da ganye, a rage kanwa.

NA BIYU: NONO

A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa. Nonon farko, watau daƙashi, mai kauri mai ruwan ɗorawa, shi ne rigakafinsa na farko, domin yana ɗauke da abin da jikin uwa ya tanada na yaƙi da cututtuka. Wanda ya zubar da shi ya zubar da magani. Kada a ce ai kaɗan ne, domin cikin jariri a ranar farko bai fi ɗan kanya girma ba. Tsotson nan na farko yana kuma taimaka wa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya.

Daga nan har wata shida, nono kaɗai. Ban da ruwa, ban da jiƙo, ban da zuma, ban da madarar shanu, sai maganin da asibiti ya bayar. Na san nan ne gardama take, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da mu manya ma ba mu rabuwa da moɗa. Amsar ita ce, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwan da aka riga aka tace. Idan ana zafi uwa ta sha ruwa, ta ƙara sa yaro a nono. Ruwan da aka ba jariri ɓarna biyu yake yi: yana cika ɗan cikinsa ya hana shi tsotso, yana kuma shigar masa da zawo. Idan tsotso ya ragu, nono ma sai ya ragu, domin gwargwadon yadda aka tsotse shi gwargwadon yadda yake zuwa. Daga nan sai a ce nonon wance ba ya isar ɗanta, a nufi kanti sayen gwangwanin da albashi ba zai iya ɗauka ba.

Uwa mai zuwa gona ko kasuwa ko aji tana iya tatsa nononta cikin kofi mai tsabta mai murfi, a ba yaro da kofi ko cokali, ban da bulumboti, domin wanke shi da wuya. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ita ma tana shayarwa, muddin tana shan maganinta bisa umarnin asibiti. A ci gaba da ba da nono har shekara biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu, kuma Musulmi da Kirista duka sun san labarin yadda aka mayar da Annabi Musa ga mahaifiyarsa domin ta shayar da shi.

NA UKU: DAGA WATA SHIDA ZUWA SHEKARA BIYU

Wannan shi ne lokacin da yawancin yaranmu suke zamewa. Nono kaɗai ya daina isa, abin da ake ƙara masa kuwa tsinkakken koko ne, ruwa-ruwa, wanda ke cika ciki bai ƙosar ba. Ga ma'auni mai sauƙi: ki ɗebi kunun a cokali ki karkata shi. Idan ya tsiyaye kamar ruwa, bai yi ba. Sai ya tsaya a cokali.

Daga wata 6 zuwa 8 a ciyar da yaro sau 2 ko 3 a yini, a fara da cokali biyu ko uku ana ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 23, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, uwa ko kaka ta zauna tana lallashinsa har ya ci. Yaron da aka haɗa kwano da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sauke. Ɗure kuma haramun ne a aikin lafiya, domin abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya kashe yaro.

An kasa abincin yaro gida takwas: nono, hatsi da doya da dankali, wake da gyaɗa da riɗi, madara da kindirmo, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itace masu ja ko ruwan ɗorawa, irin su zogale da alayyahu da kabewa da mangwaro da gwanda, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so kowace rana yaro ya sami aƙalla gida biyar cikin takwas. Ku lissafa da kanku. Ya sha nono, ɗaya ke nan. An dama masa kunun acca ko na dawa, biyu. An sa tunkuza ko garin gyaɗa a ciki, uku. An barbaɗa garin zogale, ko an dafa masa kabewa da ɗan manja, huɗu. An ƙara ƙwai ɗaya ko garin busasshen kifi, biyar. A cikin waɗannan wanne ne aka sayo daga Ingila?

Akwai kuma haɗin gari da ma'aikatan lafiya suke koyarwa: mudu 6 na dawa ko gero ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne dabam, a ɓare ɓawon waken, a haɗa a niƙa, a adana cikin mazubi mai murfi. Sai dai a kula: gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cin hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Ƙasarku mai laima ce, saboda haka a shanya amfanin gona ya bushe sosai, a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, kuma rubaɓɓen da aka tsince kada ya zama shi ne rabon gida.

Maganar cewa yaron da aka ba ƙwai zai zama ɓarawo, ina roƙon iyayenmu a yi mata jana'iza. Ba mu taɓa jin alƙalin da ya ɗaure mutum ya ce ƙwai ne ya sa shi sata ba.

NA HUƊU: TSABTA DA ALAMUN HATSARI

Abinci mai kyau da hannu mai dauɗa, aikin banza ne. A wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin ciyar da yaro, da bayan an fito bayan gida ko an share wa yaro kashi. Idan zawo ya kama shi, a narka ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti cikin ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kada a janye nono ko abinci don yaro ba shi da lafiya. Bayan ya warke a ƙara masa ci sau ɗaya a yini har mako biyu. A cika masa alluran rigakafi, kuma daga wata shida a kai shi a ɗiga masa bitamin A kowane wata shida, musamman a Makon Lafiyar Uwa da Yara da akan yi sau biyu a shekara.

Akwai ɗan tsiri mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi daga wata shida zuwa shekara biyar. Kore lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11.5, hatsari ne. Haka nan idan ka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ka ɗaga ka ga rami ya zauna, to, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya neman wanda ya yi masa baki. Tamowa tana warkewa. Abincin nan na gyaɗa da ke cikin leda, wanda akan bayar a cibiyoyin da aka tanada, magani ne na yaron da aka rubuta wa. Wanda ya raba shi ga sauran yara, ko ya kai shi kasuwa, da ran ɗansa yake ciniki.

"AI BA MU DA HALI"

Na san abin da ke zuciyar wasunku, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Rikice-rikicen da suka addabi wannan yanki, irin wanda ya auka wa Godogodo da kewayenta a 2016, sun raba mutane da gonakinsu. Cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta karya jarin manoma masu yawa a kudancin jihar nan, tsadar abinci kuma ta biyo baya. Jawabi ba ya cika rumbu, kuma tabbatar da zaman lafiya da sa magani a asibiti nauyi ne da ke wuyan hukuma, wanda kuna da haƙƙin ku tambaye ta a kai.

Amma ku dubi abin da aka nema daga gare ku. Daƙashi kyauta ne. Hana ruwa ba ya cin ko kwabo. Kaurara kunu ba ya bukatar sabon hatsi. Zogale yana tsirowa a jikin darni. Abin da ɗan wata tara yake ci a yini duka bai kai abin da babba yake ci a zama ɗaya ba. A lokacin ƙunci ne ma ya fi kamata a san wa za a fara zuba wa, domin babba idan ya rame bana zai murmure baɗi, yaro kuwa shekararsa ta farko ba ta dawowa.

AIKIN KOWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka bari in raba aikin.

Kakanni, ku ne sarautar ɗakin jego, kuma ba wanda ya zo ya tuɓe ku. Kun rena mu da abin da kuka sani, Allah Ya saka muku. Amma ku da kanku kun san yara nawa kuka binne a zamaninku. Ku zama ku ne masu tsare jariri daga ruwa, domin idan kaka ta ce a'a, babu mai cewa i.

Magidanta, idan an yi girbi, kafin a ɗora buhu a mota, a ware na yara: waken suya, gyaɗa, riɗi. A bar kaza biyu ko uku saboda ƙwan gida. Ka raka matarka awo ko da sau ɗaya ne, ka kuma karɓi katin ɗanka ka duba ko layin yana hawa.

Limamai da fastoci, kuna da jama'a a gabanku kowace Juma'a da kowace Lahadi, kuna kuma wurin kowane suna da kowane baftisma. Minti biyar a kan haƙƙin jariri ya fi takarda dubu a bango. Haka nan Zumuntar Mata a majami'u da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN: ku kawo tukunya wurin taronku, ku dama kunun nan a gaban kowa, a ɗanɗana, domin gani ya kori ji.

Ma'aikatan lafiya, ku tambaya kafin ku koyar. Me ake da shi a gidan? Wa ke ciyar da yaron idan uwar ta tafi gona? Uwar da aka kunyata gaban jama'a don ɗanta ya rame ba za ta sake dawowa ba.

Ɗaliban wannan kwaleji, ku ne kuke da abin da Ma'aikata ba ta da shi. Hausa ta haɗa mu a kasuwa, amma tsohuwa a ƙauye ta fi yarda da maganar da aka yi mata da harshen da aka yi mata rawar goyo. A cikinku akwai Bajju da Atyap da Ham da Gwong da Nikyob da Fantswam da Fulani da sauransu. Kowa ya ɗauki wannan ɗan littafi idan an yi hutu, ya zauna gaban kakarsa cikin ladabi ya fassara mata. Gobe kuma idan kun kama aiki, ku tuna yaran da ke gabanku su ne iyayen shekara goma sha biyar masu zuwa.

Sarakuna da hakimai, muna roƙon ku sa masu unguwanni su san kowane gida da aka yi haihuwa, su kuma tabbata an kai yaron awo.

Jama'a, kafin mu tashi ina so kowa ya tuna da gida ɗaya da ya sani, nasa ko na maƙwabcinsa, inda akwai mai ciki ko ɗan goye. Cikin makon nan ya je gidan, ya nemi kaka da maigida, ya faɗa musu abin da ya ji. Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.